Kafin a sayar da gonar gado: amsoshin masu shirin fita waje

Wasiƙun wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, kowa ya ɗaure jaka yana jiran a ce masa tafi. Ban ga laifin kowa ba, kasuwa ɗaya muke shiga, na san nawa ake auna kwanon shinkafa. Na tsamo shida daga ciki.

Tambaya: Kawu, wani mai shagon intanet a unguwarmu yana cike wa mutane fom ɗin cacar bizar Amurka a kan naira dubu goma sha biyar. In biya? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: A ina aka haife ka? Idan a Najeriya ne, mayar da kuɗinka aljihu. Tun 2013 aka cire Najeriya daga wannan caca, saboda 'yan ƙasar da suka samu takardar zama a Amurka cikin shekara biyar sun haura 50,000, kuma ƙa'idar shirin ita ce duk ƙasar da ta haura wannan adadi ta fita. Ƙasar haihuwa ake dubawa. Idan mai shagon ya ce zai rubuta maka Maraɗi ko Damagaram a wurin haihuwa, ka tuna akwai ranar da za ka tsaya gaban jami'in ofishin jakadanci da takardar haihuwarka a hannu. Fiye da shekara goma ke nan ana amsa wannan tambaya, ban san me ya sa har yau take dawowa ba.

Tambaya: Kawu, wani ejan ya ce zai samo mini aikin kula da tsofaffi a Ingila, albashi fam 2,000 a wata. Yana son naira miliyan tara kuɗin takardar ɗaukar nauyi. Ni da 'yan'uwana mun yanke shawarar sayar da gonar da mahaifinmu ya bari, in na je in biya kowa rabonsa. Na buga lissafi, cikin wata uku zan mayar da kuɗin. Daga magidanci a Kano.

Amsa: Malam, kada ku taɓa gonar nan. Na fara da wannan ne don ko ba ka karanta sauran ba.

Abin da ejan ɗin ke sayar maka babu shi a kasuwa. Daga 22 ga Yuli 2025 Birtaniya ta rufe ƙofar ɗauko sababbin masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Tun kafin nan, daga Maris 2024, an hana masu wannan aiki tafiya da mata da 'ya'ya. Ko a lokacin da ƙofar ke buɗe, takardar ɗaukar nauyin nan ba hajar sayarwa ba ce: kamfanin da ya ɗauke ka aiki shi yake fitar da ita, shi ke biyan kuɗinta, kuma sai yana da lasisi daga ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya. Sunayen kamfanonin da ke da lasisin suna nan a shafin gwamnatin Birtaniya, kowa na iya dubawa a wayarsa kyauta. Gwamnatin da kanta ta ce tsakanin Yuli 2022 da Disamba 2024 ta soke lasisin kamfanoni sama da 470 a wannan fanni, abin ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Da yawansu sun biya irin kuɗin da ake nema a hannunka, sun sauka lafiya, suka tarar babu aikin, ko akwai shi amma sa'o'in da ake ba su ba za su biya haya ba. Bizarsu kuwa a ɗaure take da wannan kamfani ɗaya.

To bari mu ƙaddara aikin gaskiya ne, mu zo kan lissafinka, domin lissafin nan shi ne ciwon da ya addabe mu duka. Ka ɗauki fam 2,000, ka buga da farashin 'yan canjin Wapa, ka ga miliyoyi, zuciyarka ta yi fari. Amma wa ya ce maka a Wapa za ka kashe su? Fam 2,000 a wata fam 24,000 ke nan a shekara. Fam 12,570 na farko ba a cire musu haraji, abin da ya hau kansu a yanke kashi 20 cikin ɗari, a sake yanke kashi 8 na inshorar ƙasa. Abin da zai shigo hannunka bai wuce fam 1,730 da 'yan kai ba, kafin a taɓa kuɗin fansho. Ɗaki ɗaya a Landan, a gidan da za ka haɗa kicin da banɗaki da baƙi, yana kusantar fam dubu. A garuruwan arewa ya fi sauƙi, amma ba araha ba ne. Sai harajin ƙaramar hukuma, sai gas na ɗumama ɗaki a hunturun da ba irin sanyin Disambar Kano ba ne, sai kuɗin bas, sai abinci. A can babu maƙwabciyar da za ta miƙo maka kwanon tuwo ta katanga, babu mai shagon da zai rubuta ka a littafi zuwa ƙarshen wata. Ɗan abin da ya rage shi ne albashinka na gaskiya, shi za ka kai Wapa. Daga cikinsa za ka ciyar da iyalin da ka bari, ka biya 'yan'uwa rabonsu, ka amsa wayar duk ɗan dangin da ya ji labarin kana Turai.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutumin da ba zai sayi akuya ba sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, shi ne zai tura miliyan tara cikin asusun wanda bai san ofishinsa ba, don kawai ya ga hotonsa a Facebook tsaye cikin dusar ƙanƙara. Ejan ba ya ba da biza. Ofishin jakadanci ke bayarwa, kuma ma'aikatansa ba su san ejan ɗinka ba. Iyakar abin da ejan na kirki zai yi maka shi ne ya cike fom daidai, ya nema maka ranar ganawa, ya yanki tikiti, kuma ladan wannan aiki ba ya kai kuɗin gona. Duk wanda ya ce maka bizar tabbas ce, ko yana da mutum a ciki, ko ka hanzarta gurbi biyu ya rage, ko kada ka gaya wa kowa sai ka sauka saboda bakin mutane, ka tashi daga wurinsa. Wannan ta ƙarshen ita ta fi cin mutanenmu, don ya san muna tsoron baki, sai ya yi amfani da shi ya raba ka da duk wanda zai iya ce maka tsaya.

Na san wani gida a unguwarmu da aka yi irin wannan. An sayar da fili, an yi walimar ban kwana, yaron ya kai Legas ya zauna jiran fasfo da biza, mai karɓar kuɗin ya kashe waya. Yau shekara ta uku, shi da yayyensa mata ba sa gaisawa ko ranar sallah. Kuɗin da aka yi asara ana iya nemo wasu, amma zumuncin har yau an kasa ɗinke shi. Gonar nan kuma ba taka kai kaɗai ba ce. Akwai haƙƙin ƙannenka mata a ciki, kuma amincewar da suka yi don kunyar yayansu ba ita ce yarda ba.

Tambaya: Kawu, na gama digiri a fannin injiniya, ina son ƙaro karatu. Tsakanin Ingila, Kanada da Jamus wacce ta fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi? Zan riƙa aiki ina biyan kuɗin makaranta. Daga ɗalibi a Bauchi.

Amsa: Tambayarka mai kyau ce, jimlar ƙarshe ce ta ɓata ta. Ingila sa'a 20 a mako take bai wa ɗalibi ya yi aiki lokacin karatu, Kanada sa'a 24. Wannan na cefane ne da ɗan rage haya, ba ya biyan kuɗin makaranta. Shi ya sa kowace ƙasa ke cewa ka nuna guzurinka tun kana gida.

Ingila, a ƙa'idar Janairun 2025, ta nemi fam 1,136 na kowane wata har wata tara idan makarantar a wajen Landan take, fam 1,483 idan a Landan ce, ga kuɗin makaranta na shekarar farko, ga fam 776 na asibiti kowace shekara. Tun Janairun 2024 kuma mai digiri na biyu na kwas ba ya tafiya da iyali, sai masu bincike irin na digiri na uku. Kanada ta ɗaga nata daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635 a farkon 2024, ta kai shi 22,895 a Satumbar 2025, ban da kuɗin makaranta da na jirgi, ta kuma ƙayyade yawan ɗaliban da take karɓa. Jamus tana son Yuro 11,904 a wani asusu da ake kullewa, ana sakar maka Yuro 992 duk wata. Sai dai mafi yawan jami'o'in gwamnati a can ba sa karɓar kuɗin koyarwa, ɗan kuɗin zango kawai ake biya, in ban da wurare irin su jihar Baden-Württemberg mai karɓar Yuro 1,500 a zango daga baƙi. Ga injiniya mai ƙaramin ƙarfi, Jamus nake nuna wa. Akwai kwasa-kwasan digiri na biyu da yawa da ake koyarwa da Turanci, amma fara koyon Jamusanci tun yau, domin mai gidan haya da mai ɗaukar aiki da shi za su yi maka magana.

Waɗannan adadi suna hawa kusan duk shekara, ka duba shafin gwamnatin ƙasar a makon da za ka nema. Ka kuma yi lissafi da mugun canji. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haye 1,500. Ɗaliban Najeriya da suka tafi da ajiyarsu a naira sun wayi gari ta narke, har aka umarci wasu a jami'ar Teesside su bar Birtaniya a 2024 saboda sun kasa cika kuɗin makaranta.

Tambaya: Kawu, mijina ya rasu ya bar mini yara huɗu. Wata hajiya ta ce za ta kai ni Saudiyya da bizar Umara, in zauna in yi aikatau, in riƙa biyanta a hankali. Ba na barci saboda tunani. Ina tsoro, amma ban ga wata hanya ba. Daga wata baiwar Allah a Katsina.

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. 'Yata, tsoron nan da kike ji hankalinki ne yake yi miki magana, kada ki ji kunyarsa.

Bizar Umara ta ibada ce, ba ta halatta aiki. Ranar da wa'adinta ya ƙare kin zama marar igama: ba ki da inda za ki kai ƙara in uwar ɗaki ta hana ki albashi, zuwa asibiti ya zama abin fargaba, ko fita titi sai da duba hagu da dama. Dokar Saudiyya ta tanadi tarar da ta kai Riyal 50,000 da ɗaurin da ya kai wata shida da kora ga wanda ya zarce wa'adi. Ki tambayi duk wadda ta taɓa zaman takari ta kwana a tarhil na Shumaisi, gidan da ake tsare waɗanda za a koro gida, za ta ba ki labari. Bashin hajiyar kuma yana nan a wuyanki ko an dawo da ke a wata na biyu.

Idan tafiyar ta zama dole, akwai hanyar da doka ta sani: bizar aiki mai ɗauke da sunan kafili, yarjejeniya a rubuce da aka yi rajistarta a Musaned, tsarin gwamnatin Saudiyya na ɗaukar 'yan aikin gida, ta hannun kamfanin da ke da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. A karanta miki ita da Hausa kafin ki sa hannu, ki ji nawa ne albashi, yaushe ne hutu, wa zai biya tikitin dawowa. Ki bar kwafin komai a gida wurin wanda kika amince da shi. Idan hajiyar ta ce ki ba ta fasfonki ta ajiye, ko ta fara maganar rantsuwa, ki kai maganar ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane. Sannan ki zauna da dangin mahaifin yaran nan kafin komai. Ciyar da marayu nauyinsu ne su ma, kuma wani lokaci ba sa motsi sai an faɗa musu a fili. Ki sake rubuto mini, ki gaya mini sana'ar da hannunki ya iya.

Tambaya: Akwai masu zuba wa mutum kuɗi a asusu na 'yan kwanaki don ya nuna wa ofishin jakadanci, a biya su lada. Ya halatta? Daga Kaduna.

Amsa: Halacci ka tambayi malaminku. Ni abin da na sani shi ne Birtaniya tana son kuɗin su kwana 28 a jere ba su ragu ba, kuma jami'in da ya ga asusun da bai taɓa riƙe dubu ɗari biyu ba ya wayi gari da miliyan talatin zai tambayi daga ina. In aka kama ka da yaudara, Birtaniya na iya hana ka shiga har shekara 10, Kanada shekara 5. In kuma ba a kama ka ba, ka sauka a filin jirgi da aljihu wayam, ga mai gidan haya yana jiran kuɗin ajiya da na watan farko. Da me za ka biya shi?

Tambaya: Kawu, ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata shida ina aiki, mijina ya amince. Ina da hanya? Daga Jos.

Amsa: Ke kam kina da ita, kuma ba kya buƙatar ejan. Ki ci jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, ki yi ta kwamfuta ta hukumar jinya ta Birtaniya, NMC, wadda ake iya rubutawa a nan gida, ta aikin hannu kuma sai kin isa can. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da aka hana asibitocin Birtaniya zuwa farautar ma'aikatan lafiya, amma ba a hana ki neman aiki da kanki kai tsaye ba. Bizar ma'aikatan lafiya ba ta biyan kuɗin asibitin nan na shekara-shekara, kuma ma'aikaciyar jinya tana iya tafiya da miji da yara. Ki nemi asibiti a wajen Landan. Kafin ku yanke tafiya gaba ɗaya, ki binciki kuɗin renon yaro a garin da za ki, domin a can ba kaka ba ƙanwar miji, kuma aikin dare yana jiranki. Ki kuma karanta sharaɗin da ke cewa nawa za ki mayar wa asibitin idan kika bar aiki kafin wa'adi, shi ake yawan tsallakewa a takardar.