Injin wanke-wanke: mai durowa ko mai ƙofa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na san a kan waya da kwamfuta ka saba amsa tambayoyi, amma ka taimaka mini da wannan. Muna gab da tarewa a sabon gida a nan Garwa, kafinta yana jiran in faɗa masa girman wurin da zai bar wa injin wanke kwanuka a kicin. Na ga iri biyu a intanet: mai ƙofar da ake buɗewa ta kwanta ƙasa, da wanda ake jawowa kamar durowa. Mai durowar ya kwanta mini a rai saboda ina fama da ciwon baya. Mu tara ne a gida. Wanne zan saya? Daga wata Hajiya a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya sa a tare lafiya, ya kuma ba ki lafiyar bayan. Tambayar ba ta fita daga fagena ba, domin injin wanke-wanke na zamani ƙaramar kwamfuta ce ke tuƙa shi, ita ke buɗe ruwa, ta kunna hita, ta auna zafi, ta zubar da dauɗa. Shawarata ga gidan mutum tara a Garwa ita ce ki sayi mai ƙofa. Ga dalilaina.

Mu fara da abin da zai shiga ciki. Mai ƙofa na yau da kullum faɗinsa santimita 60 ne, tsayinsa 82 zuwa 85, kuma takardarsa za ta ce yana ɗaukar kayan cin mutum 12 zuwa 14. Durowa guda faɗinta ɗaya da shi, amma tsayinta kusan rabinsa ne, tana ɗaukar na mutum 6 ko 7. Idan aka ɗora biyu, ɗaya kan ɗaya, lissafin ya zo daidai da na mai ƙofa. Sai dai wannan lissafi na teburin Turawa ne: faranti shimfiɗaɗɗe, ƙaramin kwanon miya, kofin shayi da cokula. Mu kuwa da me muke ci? Babban tire na shinkafa da yara ke zagayewa, kwanon tuwo mai zurfi da murfinsa, tukunyar miyar da ke ciyar da gida da baƙi. A mai ƙofa, rami ɗaya ne dogo, kina iya ɗaga kwandon sama ko ki cire shi gaba ɗaya ki tsayar da tiren. A mai durowa an raba tsayin gida biyu, ba yadda za ki haɗe su. Kuma murfin durowar yana can cikin akwatin injin, sai kin tura ta ciki yake saukowa ya danne bakinta. Idan wani ludayi ko gefen tire ya ɗaga kai sama da baki, murfin ba zai zauna ba, ruwa ya tsiyayo.

Kafin ki fitar da ko sefa ɗaya, ki ɗauki tef ɗin awo ki auna babban tirenki da tukunyar da kika fi ɗorawa, ki rubuta a takarda ki tafi da ita shago.

Dalili na biyu shi ya fi damuna, wato gyara. Kamfanin da ya yi suna da irin na durowa shi ne Fisher & Paykel na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1990 da sunan DishDrawer, kuma tun 2012 kamfanin yana hannun Haier na ƙasar Sin. Inji ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma mai durowa biyu kamar injina biyu ne a gida ɗaya: kowace durowa da motarta ta lantarki, da hitarta, da 'yan motocin da ke ɗaga murfi su sauke, ga tiyo da wayoyi da ke lanƙwashewa duk lokacin da aka ja aka mayar. Mai ƙofa kuwa kamfanoni da yawa ke yin sa, su Bosch, Beko, LG, Samsung, Midea, Hisense, tsarinsu kusan ɗaya ne, don haka mai gyaran injin wanki ba zai tsaya yana kallonsa kamar baƙo ba.

A bara an kira ni wani gida injinsu mai ƙofa ya ƙi kunnuwa. Da na kwance fuskar ƙofar na zaro allon lantarkin, sai ga ƙwayayen kyankyaso jere a gefensa, ga kuma wani wuri kamar girman ƙwayar gyaɗa ya yi baƙi ƙirin inda ya ƙone. Ɗumi da danshi ne suka ja kyankyasan. Sai da muka yi makonni muna jiran sabon allo daga Duwala, tafiyar fiye da kilomita 1,000, alhali irin injin da ake samu a kasuwa ne. To ki auna da a ce irin da sai an yi odarsa daga wata nahiya ne. Saboda haka ki tambayi mai shago abu biyu ƙarara: wa zai gyara a Garwa, kuma ina ake samun famfon zubar da ruwa da allon lantarkinsa? Idan ya fara kame-kame, ki riƙe kuɗinki.

Sai wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma duk mun san yadda ake ɗauke wuta idan ruwan ya ja baya da bazara. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar wanki, mai ƙofa sai ki buɗe ki kwashe kwanukanki ki ƙarasa da hannu. Mai durowa kuwa murfinsa na iya zama a danne, durowar ta ƙi jawuwa har sai wuta ta dawo. Ki tuna da daren da baƙi suka zo kofuna duk suna ciki. Ko wanne kika saya, hitarsa tana jan wat wajen 2,000, don haka a ja masa soket nasa shi kaɗai mai wayar ƙasa, a sa masa na'urar kariya daga hawa da saukar wuta wadda ta fi ƙarfin wannan nauyi. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba. Abin da yake ci a mita dai bai taka kara ya karya ba, wanki ɗaya kusan yunit 1 ne.

Ruwa ma ki duba. Injin ba ya shan ruwa da yawa, lita 9 zuwa 12 ta ishe shi wanki guda, abin da bai kai rabin jarka mai lita 25 ba. Ƙarfin ruwan ne matsala. Da yawansu suna neman aƙalla rabin "bar", ma'aunin matsin ruwa ke nan, kuma sai tanki ya hau mita 10 yake ba da "bar" ɗaya. Tankin da ke kan rufi mita 3 kacal sama da kicin ba zai kai ba, sai an sa ɗan injin tura ruwa. Idan kuma ruwan rijiyar burtsatse kuke sha, kina ganin farin ƙanzo a gindin buta, ki zaɓi mai wurin zuba gishirin tace ruwa.

Ciwon bayanki kuwa ban manta da shi ba, kuma a nan ne durowa ta yi zarra, domin ta sama tana daidai ƙugu, ba sunkuyo. Amma idan biyu kika saya, ta ƙasan tana nan dab da daɓe. Dabarar ita ce ki ce wa kafinta ya gina wa mai ƙofar dakali mai ƙarfi santimita 30 zuwa 40, ya ɗora shi a kai ya ɗaure shi da katako. Kwandon ƙasa zai taso kusa da hannunki. Ramin ya zama faɗin santimita 60, kusa da wurin wanke-wanke, a kuma bar fili a gaba yadda ƙofar za ta kwanta mutum ya wuce. Wanda zan ce ya sayi durowa guda shi ne gidan mutum biyu ko uku, a garin da wakilin kamfanin yake.

Abu ɗaya kada ki ce ban faɗa miki ba: tukunyar dalma tana dusashewa a cikinsa, ƙwarya da muciya da akushi suna tsagewa, baƙin tukunyar itace ba ya fita, ƙanzon tuwo kuma sai an jiƙa an kankare. Kuma kada a kuskura a zuba Omo ko sabulun ruwa na wanke-wanke, kumfa za ta cika kicin. Yana da sabulunsa na musamman, ki tabbatar ana sayar da shi kusa da ku.

Tambaya: Malam, yayana da ke Amurka ya ce zai aiko mana da mai durowa ta jirgin ruwa zuwa Njamena. In ce ya aiko? Daga wani matashi a Njamena.

Amsa: Ka gode masa, ka ce ya dakata. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce mai juyi 60 a daƙiƙa, tamu a Chadi da Kamaru bolt 220 ce mai juyi 50. Idan ka jona shi kai tsaye, nan take zai ƙone. Taransifoma tana rage bolt, amma ba ta canza juyin, ga shi sai ka nemi babba mai tsada. Ya aiko da kuɗin ku sayi wanda aka yi don wutarmu, ka duba bayansa ka ga an rubuta 220-240V da 50Hz.

Tambaya: Na sayi Bosch mai haɗuwa da waya, amma manhajar ta ƙi ganin injin. Daga wata 'yar'uwa a unguwar Domayo, Marwa.

Amsa: Manhajar ita ce Home Connect. Yawanci abin da ke hana su ganin juna shi ne zangon Wi-Fi ɗin. Ki shiga saitin na'urar intanet ɗin gidan ki kunna zangon 2.4GHz, ki haɗa wayarki da shi, ki kunna bulutut, ki kuma ba manhajar izinin sanin wurin da kike, sannan ki tsaya kusa da injin ki sake gwadawa. Idan daga wata wayar kike raba data, da zarar mai wayar ya fita gida haɗin zai yanke. Kafin a daidaita, ki ci gaba da wankinki da maɓallan da ke jikin ƙofar, domin injin ba ya buƙatar intanet kafin ya yi aiki.