Re: Wane fim ɗin Amitabh Bachchan zan fara kalla?

Ɗan'uwa ka ce kana son sanin finafinan Amita da za su nuna maka ba faɗa kaɗai ya iya ba. Fara da Deewaar na 1975, inda ya fito a ɗan dako a tashar jirgin ruwa da ya zama ɗan fasa-ƙwauri, ƙaninsa Shashi Kapoor kuma ɗan sanda. Sai Sholay shi ma 1975, shi da Dharmendra, ka tanadi lokaci dai don ya wuce awa uku. Daga nan tsallako zuwa tsufansa, Black na 2005 inda yake koyar da Rani Mukerji da ba ta gani ba ta ji, sai Paa na 2009, nan ne ya fito a yaro mai ciwon tsufa da wuri, kuma ɗansa na cikinsa Abhishek shi ne ubansa a fim ɗin, wallahi sai da na kai rabi kafin idona ya yarda Amita ne yaron.

Sharaɗi ɗaya, Black ka kalle shi kai kaɗai, kar ka kai shi majalisa. Na taɓa sa wa abokaina a shagon wani tela a Unguwar Rogo lokacin sanyin Jos ɗin nan, kowa ya naɗe cikin rigar sanyi yana jiran waƙa da rawa, minti ashirin aka fara surutu har aka rasa wajen da yarinyar ta fara gane kalmar ruwa, alhali wajen nan ne zuciyar fim ɗin gaba ɗaya.