Tambayi Likita: Allurar intaferon za ta iya maye gurbin maganin ƙanjamau?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena yana shan maganin ƙanjamau, kuma alhamdu lillahi ya murmure. Yanzu wani ya ce masa akwai allurar intaferon mai ƙarfafa garkuwar jiki, wai idan ya yi ta zai huta da haɗiyar ƙwaya kullum. Gaskiya ne? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki ja masa kunne, kada ya kuskura ya ajiye maganinsa.

Intaferon jikinmu ne ke yin sa. Wasu masana biyu, Alick Isaacs da Jean Lindenmann, suka gano shi a Landan a 1957. Da zarar ƙwayar cuta ta shiga jiki sai ya sake shi, kamar ihun "ɓarawo!" a unguwa cikin dare, kowa ya tashi ya garƙame ƙofa. A makonnin farko na kamuwa da HIV, ƙwayar da ke haddasa ƙanjamau, yana yin ƙoƙari sosai, yana tayar da sunadarai irin su tetherin, mai ɗaure sababbin ƙwayoyin cutar kada su bazu. To amma HIV ta zo da shirinta, tana da nata sinadarin, Vpu, mai kwance wannan ɗauri.

Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne labarin wani biri na Afirka ta Yamma, sooty mangabey, wanda daga gare shi HIV-2, wani nau'i na ƙwayar HIV, ta samo asali. Yana ɗauke da dangin cutar, intaferon ɗinsa ya tashi, cikin 'yan makonni ya lafa, kuma ba kasafai yake kwanta ciwo ba. A jikin mutumin da ba ya shan magani kuwa ba ya lafawa. Garkuwa tana ta aiki babu hutu har ta gaji, ƙwayoyin CD4, wato sojojin garkuwar jiki da ke cikin jini, suna zubewa. Kin ga ƙara wa irin wannan jiki intaferon ba lallai alheri ba ne.

An ma taɓa gwadawa. A 1990 aka yi ta shelar Kemron a Kenya, intaferon ne ɗan kaɗan da ake tsotsa a baki, aka ce ya warkar da masu ƙanjamau. Da aka yi gwaji na tsanaki ba a ga amfaninsa ba. Likitoci sun yi amfani da allurar ga ciwon hanta da sankarar Kaposi (wata sankara da kan kama masu ƙanjamau), amma tana jigata mutum da zazzaɓi da kasala.

Ku je asibitin da yake karɓar magani a auna yawan ƙwayar cutar a jininsa, ya kuma gaya wa likitansa wannan magana. Allah ya ƙara masa lafiya.