Ana iya korar ɗan gudun hijira da ya shiga daba?

Malam, ka tambaya ko takardar mafaka tana hana a kori ɗan gudun hijira da aka kama cikin 'yan daba a Turai. Ba kullum take hanawa ba. Yarjejeniyar Janeba ta 1951 kan 'yan gudun hijira, sashe na 33(2), ta yarda a janye masa kariya idan kotu ta same shi da babban laifi, kuma ya zama haɗari ga jama'a.

Inda gizo ke saƙa shi ne sashe na 3 na yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Turai: ba a mai da mutum inda za a azabtar da shi, komai munin laifinsa. Shari'ar Chahal ta 1996, wani ɗan Indiya da kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce bai halatta Birtaniya ta mai da shi gida ba, ta tabbatar da hakan. Sannan sai ƙasarsa ta ba da takardar tafiya, wasu ƙasashen kuwa ko wasiƙa ba sa amsawa.

Abin da 'yan siyasa ke tsallakewa: da yawa cikin yaran daba a Suwidin can aka haife su, ba gudun hijira ya kai su ba.