Ɗana, ka bar yaran su taɓa kayan

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga tambayarka, ka ce an turo ka koyon koyarwa daga kwalejin Aminu Saleh ta Azare, an ba ka aji uku cike maƙil da yara, kayan kimiyyar da ke kabad ɗin hedimasta kuma madubin ƙara girma biyu ne sai ma'aunin zafi ɗaya, kana tsoron su fasa a ce ka biya, ko ka riƙa ɗagawa kana nuna musu daga gaban allo kawai?

A'a, kar ka yi haka dan Allah. Yaron da bai riƙe rula da hannunsa ba ko ya haddace cewa santimita 100 ne mita ɗaya wallahi bai san awo ba, waƙa ya iya.

Fara da rular ma, ita ce mai arha. Amma kafin ka fito da ita ka sa yara uku su auna bencinsu da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, dogon cikinsu zai ce uku ƙaramin ya ce huɗu, gardama ta kaure, toh a nan ne zaka ciro rula ka ce ga alƙali. Ka tsaya a kansu sosai domin kusan dukansu daga 1 suke farawa ko daga bakin rular, ba daga sifili ba, ni har yau sai na kama ɗan yatsan yaro na ɗora a kan sifilin kafin ya zauna masa. Kuma kullum su fara cinka su rubuta, sannan su auna su ga tazarar.

Maganar ƙarancin kaya kuwa, ka shiga kasuwar Wunti ta Bauchi wajen masu gyaran rediyo ka roƙi maganaɗisun tsohuwar sifika. Ka zube musu ƙusa, marfin lemo, tsinke, gutsuren tukunyar alminiyam, su ware wanda suke zaton zai kama. Duk zasu ce alminiyam zai kama tunda ai ƙarfe ne a wajensu, sai ya ƙi, ka ga ido ya fito, daga nan tambayar tasu ce ba taka ba. Awon ruwa ma ledar fiya wata mililita 500 ce, biyu lita ɗaya kenan, su juye a gora ka ja layi da alƙalamin maka, sai dai ka koya musu su ajiye gorar a tebur su sunkuya ido ya zo daidai da ruwan kafin su karanta.

Ka raba su rukuni rukuni, kowane rukuni da kayansa da mai riƙo da mai rubutawa, in ka tafa su yi musanya. Ka lura da ƴan matan, in ka yi sake maza zasu ƙwace komai su bar su da rubutu.

Abu biyu ne ban yarda ka saki ba. Ma'aunin zafin nan in mai ruwan azurfa ne a ciki, wato makuri, guba ne in ya fashe, ya zauna a hannunka su zo su karanta, ka tsoma a ruwan randa sannan a ruwan da ya sha rana su ga layin yana hawa. Madubin kuma a inuwa za a duba ƙafar tururuwa da bayan ganyen darbejiya, kar wanda ya kalli rana da shi ko ya haska a fatar ɗan uwansa, yana ƙonewa.

Ran Litinin ka fara da bencin, in an tashi ka kira ni na ji nawa suka samu.