Daga Jidda zuwa Madina ba tare da mota ba

Tambaya: Anti, sabuwar zuwa ce ni Jidda, ina aikin jinya. Ina son ziyartar Madina, ga shi ba ni da mota. Me zan hau?

Amsa: Ƙanwata, hau jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara jigila a 2018. Kusan awa biyu kin isa. Bas ya fi araha, amma sai kin ninka wannan lokacin a zaune, ni kam ba na so miki wannan gajiyar bayan aikin dare.

Sayi tikiti ta waya da wuri, don kujeru kan ƙare a watan azumi. Ki lura sosai, tasha biyu ce a Jidda: Sulaimaniyya da ta filin jirgin sama. Duba wadda aka rubuta a tikitinki, ki riƙe iƙamarki, wato katin izinin zamanki, a jaka. Tashar Madina da ɗan tazara daga Masallacin Annabi, sai ki kira motar haya ta manhajar Careem.