Analok ɗin da ke tafiya shi kaɗai: a gyara ko a canza?

Wani matashi daga Tudun Wada, Gusau, ya rubuto: "Yallaɓai, na sayi Nintendo Switch na hannu bara. Tun da hunturu ya shigo, mutumin da nake sarrafawa a gem sai ya riƙa zamewa hagu ko ban taɓa komai ba. Mai gyaran waya ya ce in jefar da hannun in sayi sabo, abokina kuma ya ce in sa masa analok mai maganaɗisu. Wanne zan bi?"

Ƙanena, kada ka jefar da komai tukuna. Wannan ciwon ya bi Joy-Con, wato hannayen da ake riƙewa a sarrafa gem a Switch, tun fitowar na'urar a 2017, kuma dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. A ƙarƙashin 'yar sandar da kake murzawa, wato analok ɗin, akwai wasu siraran harsunan ƙarfe da ke gogar wata shimfiɗa ta baƙin sinadari mai kama da gawayi. Da wannan gugar na'urar ke sanin inda ka karkata. Yau da gobe shimfiɗar na cinyewa, garinta na taruwa a ciki, sai na'urar ta riƙa karanta motsin da ba ka yi ba. To, ka haɗa wannan da ƙurar da ke sauka a Gusau daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda ko kwanon abinci a rufe sai ta leƙa.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Shiga saitin na'urar, wurin da aka rubuta Calibrate Control Sticks, ka sake daidaita shi. In bai daina ba, kashe ta, ka ɗaga 'yar robar nan mai kama da siket da ke gindin sandar, ka sa tsinken auduga da ka jiƙa da sifirit ɗin da masu gyaran waya ke wanke fanel da shi, ka juya sandar kamar sau ashirin, ka bari ya bushe sarai. Ranar da na yi wa tawa haka a kan tabarma bayan la'asar, audugar ta fito ja-ja da baƙi-baƙi, kamar an goge gilashin mota da ta taso daga Ƙaura Namoda. Ta yi lafiya kusan wata huɗu kafin ciwon ya dawo. Don Allah ban da fetur, ban da man keken ɗinki, ban da turare. Na ga hannun da aka ɗura wa mai, bai sake moruwa ba.

In ya dawo bayan wanki, shimfiɗar ce ta ƙare, kuma a nan abokinka ya fi mai gyaran gaskiya. Analok mai maganaɗisu, wanda 'yan kasuwa ke kira Hall, ba ya gugar komai wajen karanta motsi: maganaɗisu ne ke matsawa, wani ɗan ma'auni na auna ƙarfinsa daga gefe. Sunan na Edwin Hall ne, Ba'amurken da ya gano wannan ɗabi'a ta lantarki a 1879, kuma kamfanin Sega ya sa irinsa a hannun Dreamcast tun 1998. Kamfanin GuliKit na yin wanda ke shiga Joy-Con daidai, ba sai an yi soda ba. Sai dai notikan bayan hannun masu baki uku ne, sukundireban Y00 ke kwance su, na waya zai cinye musu kai. Wayoyin ciki kuma falle-falle ne kamar ɓawon albasa. In hannunka na rawa, ɗauki kayan ka kai wa mai gyara, ka zauna a gabansa har ya gama.

Wata uwa daga Birnin Kebbi ta ce ɗanta ya sauke Alƙur'ani, ta yi masa alkawarin gem, ƙanenta zai sayo daga Kano. An ce mata Switch Lite ya fi araha, ko ta saya?

Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun yaron. Lite, wanda ya fito a 2019, ya fi sauƙin kuɗi kuma ya fi dacewa da hannun yaro, amma analok ɗinsa a jikinsa yake. Ranar da ya fara zamewa, na'urar gaba ɗaya za a farke, alhali babban Switch hannun kawai ake zarewa a sauya. Ba a kuma jona Lite da talabijin. In yaro ɗaya ne mai hankali da kaya, ki saya ba fargaba. In gidan da ƙanne da 'yan uwa masu karɓa hannu zuwa hannu, ni dai babban zan ɗauka.

Ko wanne ne, ki ce wa kawun nasa kada ya biya sai ya buɗe wancan shafin daidaitawa a cikin shagon. Ya tura sandar ko'ina ya saki. Alamar da ke allo ta koma tsakiya cak, ta zama giciye, kowane lokaci. In ta tsaya a gefe ko tana ɓari, ya ajiye, ko da mai shago ya rantse jiya aka sauke kayan. Ki kuma ƙara masa kuɗin jaka mai zif, don ita ce maganin rabin abin da mutumin Gusau ke kuka da shi.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ma'aikaci a Argungu mai Steam Deck, wata na'urar gem da ake riƙewa a hannu. Nasa bai lalace ba, amma yana jin analok ɗin saƙwa-saƙwa a gem ɗin tseren mota da na harbi, yana so ya sa na maganaɗisu don ya yi tauri.

Malam, riƙe kuɗinka. Maganaɗisu na magance zamewa ne, ba shi ke kawo tauri ba. Abin da babban yatsanka ke ji ya fito ne daga ƙarfin sifirin da ke mayar da sandar tsakiya, da tsawonta, da irin robar da ke kanta. Mutane da yawa na kashe kuɗi su sauya, su kunna, su ji kusan yadda yake a da.

Gwada hular roba mai ƙurji-ƙurji. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, sau da yawa gumi ne ke sa yatsa santsi, mutum ya zaci sandar ce ta saki. Doguwar hula kuma na ba ka saiti mai kyau a harbi, tunda yatsa na yin tafiya mai nisa kafin sandar ta karkata kaɗan, amma ka sani za ta ƙara laushi, kamar yadda doguwar sifana ke kwance noti cikin sauƙi. Sannan shiga saitin Steam ka duba faɗin filin tsakiya da na'urar ke ƙyalewa ba ta karantawa. In ya yi faɗi, motar ba za ta amsa ba sai ka tura da nisa, shi ne wannan saƙwa-saƙwar da kake ji a kwana. Rage shi kaɗan-kaɗan har sai ka ga ta fara motsi da kanta, sannan ka ɗan mayar baya.

In duk da haka ranka na kan buɗewa, abu biyu. Steam Deck na farko, na 2022, analok ɗinsa iri biyu ne, A da B, na sabon samfurin da ake kira OLED da ya zo a 2023 kuma daban yake, sai ka tabbatar da naka kafin ka yi oda. Wasu samfuran ma sai an yi wa wayar da ke gane taɓin yatsa soda. Na biyu, zare katin memori kafin ka ɓamɓare murfin baya. Murfin na kama bakinsa ya karya shi gida biyu, da duk gem ɗin da ka kwana kana saukewa da datarka.